Yini Guda A Gidan Da Ke Bisa Ruwa

Mutumin Mubi ya san kogi, amma sanin da ya yi masa iri biyu ne kurum. Da rani, kogin Yedzaram da ya raba garin gida biyu ba kome ba ne sai shimfiɗar yashi, inda yara ke buga ƙwallo, masu tifa suna lodi, mata kuwa suna tona rami su jira ruwa ya tsattsafo, domin dai ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Da damina kuwa, musamman cikin watan Agusta, in aka kwana ana ruwa a kan duwatsun Mandara, sai a wayi gari kogin ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa da karan masara, wani lokaci har ya haura cikin gidajen da ke bakinsa. Bayan 'yan kwanaki sai ya janye. Ba a ajiye jirgi domin irin wannan kogi, balle a ce mutum ya kwashi iyalinsa ya zauna a kansa. Ruwan ma ba kudu ya nufa ba. Arewa yake bi, ya wuce ta Uba da Bama, ya je ya ɓace cikin fadamun da ke kudu da tafkin Chadi.

Saboda haka duk wanda ke Mubi, yake kuma son ya ga kogin da ba ya ƙafewa, sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 200. Zai bi ta Mararraba, ya wuce Hong da Gombi da Song da Girei, kuma tun daga wajejen Hong rafukan da zai riƙa tsallakewa sun juya wa Chadi baya, sun fuskanci kudu. Ƙarshen hanyar shi ne gadar Jimeta, a ƙarƙashinta kuwa ga Binuwai nan kwance. Tsohuwar hanya ce. A shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen Barno suka sani da Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ya biyo ta Uba da Mubi, ya iso Binuwai daidai inda kogin Faro ke shiga cikinsa, aka haye da shi cikin ƙananan kwale-kwale, sa'an nan ya ƙarasa Yola wajen Lamiɗo Lawal. Abin da ya ci masa kwanaki bisa doki, yau direba ke yi tsakanin asuba da hantsi, in hanya ta yi kyau.

Ta wannan hanya ce wani falke mai sayen bandar kifi ya sauko daga Mubi a farkon watan Nuwamba. Shekararsa ta bakwai ke nan yana sayen kifi a hannun wani dattijo masunci, Bakabe, wanda kakanninsa suka baro ƙasar Kabi suna bin kifi har suka ɓullo Binuwai. A cikin shekarun nan duka falken bai taɓa taka jirgin dattijon ba. A bakin gaɓa yake tsayawa, a fito masa da kwandunan tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu, a yi ciniki, ya biya, ya nemi mota. Wannan karon dattijon ya ce masa kifin da ya yi saura yana hannun ƙanensa a wani tsibirin yashi can gaba kaɗan, shi ma kuwa yana da niyyar zuwa gobe ya duba inda za su kafa bukkokin rani. In yana so sai su tafi tare, su dawo kafin la'asar. Falke ya tambayi nisan wurin, aka ce masa in da a tudu ne, mai keke ba zai yi sa'a guda ba. Sai ya ce ai wannan ba tafiya ba ce.

Jirgin Da Yake Gida

Jirgin dattijon ba ɗaya ba ne, biyu ne. Manyan kwale-kwale ne na katako, tsawonsu ɗaya, an jera su kafaɗa da kafaɗa da tazarar kamu uku a tsakani, sa'an nan aka gitta musu azara huɗu masu kauri aka ɗaure tamau da igiya. Bisa azarun an shimfiɗa katako, bisa katakon kuwa an kafa rumfa ta gwangwala da zana, aka lulluɓe da tamfol. A cikin rumfar nan akwai tabarmi da gidan sauro, da akwatin ƙarfe na tufafi, da buhun masara, da allunan yara rataye a jikin gwangwala. A bayanta akwai daro cike da yashi, a cikin yashin aka kafa duwatsun murhu, domin wuta da katako ba sa shiri. Akwai akurkin kaji. A kan rufin an ɗaure ɗan faranti mai zuƙar hasken rana wanda ke ba wayar hannu da fitila wuta. Mutum takwas ke kwana a nan: dattijon, da uwargidansa, da babban ɗansa da matarsa, da yara huɗu.

Masuntan Binuwai, Hausawa da Jukunawa da Bwatiye da sauransu, galibinsu a tudu suke kwana, kwale-kwale kuwa na aiki ne. Amma masu ci-rani, waɗanda ke tashi da iyali su bi kifi daga wannan gaɓa zuwa waccan, su sukan yi makonni jirgi ne ɗakinsu, musamman sa'ad da ruwa ya cika ya shanye tsibiran da suke kafa bukkoki. Haɗa jirage biyu kuwa dabara ce da masu fito suka daɗe da sani, don da ita ake haye da kaya mai nauyi wanda kwale-kwale guda ba zai ɗauka ba tare da ya kife ba. Abin da dattijon ya ƙara kurum shi ne ya bar nasa a haɗe, ya yi ɗaki a kai.

A ƙasashen da ke bakin teku, irin wannan jirgi mai ciki biyu ana kiransa katamaran. Kalmar ta fito ne daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarta kuwa itatuwan da aka ɗaure. Da irinsa ne mutanen tsibiran tekun Fasifik suka yi ta ratsa dubban kilomitoci tun kafin Turawa su san da su, har aka ƙera wani bisa tsohon fasali, mai suna Hokule'a, a 1976 aka tuƙa shi daga Hawaii zuwa Tahiti ba tare da na'urar nuna hanya ba. A yau a tashoshin jiragen ruwa na Faransa da Amurka da Ostireliya akwai iyalai da suka sayar da gida suka koma cikin katamaran na zamani, mai ɗakunan kwana da bayan gida da madafa. Abin mamaki, kukansu da na dattijon Binuwai ɗaya ne: jirgin da ya zama gida, fita da shi ko na sa'a biyu ne sai an yi kamar za a yi ƙaura.

Dalilin da ya sa ake son ciki biyu a fili yake. Faɗinsa ya hana shi tangaɗi, har mace ta iya dafa tuwo ana tafiya. Nauyinsa ya rabu biyu, don haka ba ya nutsewa sosai, yana iya bin ruwan da bai wuce gwiwa ba. Sai dai kowane alheri da nasa haraji. Jirgi mai faɗi ba ya juyawa da sauri. Rumfar da ke kansa tana tare iska kamar bango. Kuma duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga ciki ɗaya ta bar ɗayan, azarun nan huɗu ne ke shan murɗa. Ran da suka saki, ba jirgi ɗaya ya lalace ba, gida ne ya rabe biyu a tsakiyar kogi.

Falke ya iso tun da aka sallame sallar asuba, yana tsammanin zai tarar ana jiransa. Ya tarar ba a ko kwance igiya ɗaya ba. Wata uku ke nan jirgin yana ɗaure a wuri guda, tun da ruwa ya fara hauhawa, kuma a cikin wata ukun nan ya yi saiwa irin ta gidaje. An ɗaura igiyar shanya daga rumfa zuwa wata bishiya. An kafa katakon hawa daga gaɓa. Tukwane sun bazu, itacen girki ya taru a gefe ɗaya, taru yana shanye bisa turaku, akuya tana ɗaure a tudu. Uwargida ta fara da murhu: ta kwashe garwashin ta kashe, ta juye kunun da ta dama cikin wata roba mai murfi. Matar ɗan ta bi tukwane tana cusa su cikin juna, tana sa tsumma a tsakani. Randar ruwa aka rage ta zuwa rabi, aka ɗaure ta a jikin ginshiƙin rumfa. Buhun masara da ya zauna a cikin jirgin dama aka jawo shi tsakiya, aka raba itacen girki gida biyu daidai, rabi nan rabi can.

Shi kuwa dattijon bai taɓa kaya ko ɗaya ba. Ya shiga cikin jirgin hagu ya tsuguna, ya sa yara suka kwarfe ruwan da ya kwana a ciki har ƙasa ta bayyana, sa'an nan ya bi haɗin katakon da tafin hannu, tun daga goshi har wutsiya. Inda ya ji danshi ya yi yawa sai ya tura auduga da bakin wuƙa, ya shafe da kwalta. Ya koma na dama ya yi haka. Daga nan ya hau kan azarun ɗaya bayan ɗaya, yana tsalle a hankali, yana sauraron kukan igiya. Ta uku ba ta gamshe shi ba, ya sa ɗansa ya ƙara mata ɗauri.

Hantsi ya fara ɗagawa, falke ya duba agogo ya ce, "Baba, ashe ba nan kusa ka ce za mu ba?"

Dattijon ya ce, "Nan kusa ne, Alhaji. Amma ruwan da ke nan kusa, da shi da na nesa duk zurfinsu ɗaya."

Akwai abin da falken bai sani ba, wanda kuwa shi ne ainihin dalilin fitar. Nan da mako biyu iyalin za su tashi gaba ɗaya zuwa mazaunin rani, da buhunan hatsi da taruna da akuya da kome. Jirgin da ya yi wata uku a ɗaure ba a san halinsa ba. Rana ta busar da katakon da ke sama, ruwa ya jiƙa na ƙasa, igiya ta sassauta, inji ya yi sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gajeriyar fitar nan ita ce gwaji, kuma gara aibin ya bayyana yau, da rana tsaka, kusa da mutane, da jirgi marar nauyi.

An bar tsohuwa da ƙananan yara biyu a tudu wajen maƙwabta, tare da akuya. Akwai rigunan ruwa guda uku a jirgin, irin masu ruwan lemo, aka sa wa yara biyun da suka rage, aka miƙa wa baƙo ta ukun. Ya so ya ƙi, don kunya, ganin matar ɗan ba ta sa ba. Aka gaya masa ita tun tana shekara biyar take ninƙaya a Binuwai.

A Kan Ruwa

Igiya huɗu ke riƙe da jirgin, kuma kwance su ma da tsari. Aka fara da na wutsiya, aka bar ta goshi wadda ke fuskantar inda ruwa ke fitowa, don kada ruwa ya kama jirgin a gicciye tun bai shirya ba. Ɗan ya ja igiyar inji sau shida kafin ya tashi, ya yi tari, ya yi hayaƙi, sa'an nan ya daidaita. Injin guda ne, a wutsiyar jirgin dama yake, saboda haka kullum yana tura gidan zuwa hagu, sai mai riƙe da shi ya riƙa karkatar da shi kaɗan yana ramawa. Dattijon ya tsaya a goshi da doguwar gwangwala, ya yi bisimilla, ya saki igiyar ƙarshe, ya dogara gwangwalar a gaɓa ya tura.

Gabas suka nufa, watau suna hawan ruwa. Wannan ma ka'ida ce ta mutanen kogi: in fitar ta yini ce, a fara da hawa. In inji ya mutu ko mai ya ƙare, ruwan da kansa zai mai da mutum gida. Wanda ya fara da gangara ya ji daɗin safiya, amma da yamma zai biya.

Daga tsakiyar kogi Jimeta takan zama wani gari dabam. Ƙarar motocin gada ta koma kamar kukan ƙudan zuma, ga masu wanki jere a gaɓa, ga masu ɗebo yashi suna nutso da bokiti suna cika kwale-kwale har bakinsa ya kusa shan ruwa. A nan ne a da jiragen Kamfanin UAC da na John Holt ke tsayawa cikin 'yan watannin da ruwa ke cika, su sauke gishiri da atamfa da kananzir, su ɗauki gyaɗa da auduga, waɗansu su wuce har Garwa a ƙasar Kamaru. Kafin su ma an yi wani gida bisa ruwa a nan. A ƙarshen ƙarni na 19, da sarakunan Yola suka hana Turawan Kamfanin Neja zama a tudu, cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kogin suka zauna, nan ne kantinsu, nan ne ɗakin kwanansu, har zuwa 1901 da sojan Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita. Wancan jirgi dai ba a fita yawo da shi. Hanyoyin mota sun kashe wannan ciniki, yashi kuma ya cike hanyar da manyan jiragen ke bi.

Yashin nan shi ne karatun dattijon. A farkon Nuwamba ruwa yana ja da baya kowace rana, kuma hanyar bara ba ita ce ta bana ba, domin kowace damina Binuwai takan kwashe tudun yashi daga nan ta kai can. Yana tsaye yana duban fuskar ruwan kamar mai duba allo. Inda ya yi duhu yana tafiya sumul, akwai zurfi. Inda ya yi fari-fari yana ƙananan tuƙa kamar an watsa tsakuwa, yashi ne a ƙasa. Inda kuwa ya yi wani kumburi yana juyawa wuri ɗaya, to, kututture ne ya nutse, shi ne kuma abin tsoro. Ba ya magana. In ya karkata gwangwala dama, ɗan ya bi dama. Lokaci lokaci yakan tsoma ta ya ciro ya dubi inda ruwa ya tsaya.

Falke, wanda da farko ya riƙe ginshiƙin rumfa da hannu biyu, ya saki jiki da ya ga ko kofin shayin da aka ba shi bai zube ba. Ya fara tambaya. Ina dorina? Aka ce masa suna nan, amma ba a wannan yanki mai yawan jama'a suka fi zama ba, kuma mai hankali in ya hango kunnuwansu sai ya ba su hanya. Ayu fa? Dattijon ya ce tun yana saurayi rabonsa da ganin ayu da idonsa. Giwan ruwa ma, irin wanda mutum biyu ke ɗauka da sanda, yanzu sai a shekara ba a kama ba.

Sun yi kamar sa'a guda da rabi suna tafiya sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. Ba wata babbar iska ba ce, a tudu ko hula ba za ta cire ba. Amma ta sami rumfa ta tura, jirgin ya fara zamewa a gicciye zuwa kudu, daidai lokacin da suke ratsa wata 'yar siririyar hanya tsakanin tudun yashi biyu. Ɗan ya ƙara wuta don ya rama. Cikin dama ya wuce, cikin hagu ya hau yashi ya tsaya cik. Gidan duka ya murɗa. Akwatin ƙarfe ya ja ƙasa, kaji suka ɗauki kuka, sa'an nan aka ji wata ƙara kamar an karya rake: igiyar azara ta farko ta tsinke a gefen hagu.

Ba wanda ya yi ihu sai baƙo, shi ma salati ya yi. Dattijon ya ce, "Kashe!" Inji ya mutu. Ya dubi falken ya ce, "Alhaji, koma dama ka zauna, kada ka tashi." Matar ɗan ta riga ta tura yaran can. Da nauyi ya koma dama, cikin hagu ya ɗan ɗaga. Uba da ɗa suka dira cikin ruwa, iyakarsa cinya, suka sa kafaɗa suka tura jirgin baya, ruwa ya taimaka, ya sauka daga kan yashin. Ɗan ya riƙe shi, dattijon ya hau ya ciro sabuwar igiya daga ƙarƙashin tabarma, ya zauna ya ɗaure azarar, yana zagayawa yana ja da ƙafa, har sau goma sha biyu. Da ya gama ya ɗauki guntun tsohuwar ya murza a hannu, sai ta zube kamar dusa. Daga waje lafiya lau take, cikinta rana ta cinye. Ita ce kuwa da safe ya yi tsalle a kanta ba ta yi kuka ba.

Ya ajiye guntun cikin aljihu, ya ce wa ɗansa gobe za a sake duk ɗaurin takwas.

Abin da ya faru bai fi minti ashirin ba, ruwan kuma bai kai ƙugu ba. Amma wanda ya san Binuwai ya san cewa yawancin waɗanda ruwa ke ci ba a doguwar tafiya yake cinsu ba. A watan Satumba na 2023 jirgi ya kife a tafkin Njuwa kusa da Yola, aka yi asarar rayuka, kwanaki kaɗan bayan haka wani ya kife a Gurin cikin Ƙaramar Hukumar Fufore. Manoma ne da 'yan kasuwa da mata da yara, masu ƙetarawa zuwa gona ko kasuwa, tafiyar da suka saba yi kullum. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Doka ce mai kyau. Sai dai rigar kuɗi ce, kuma a mashigai da yawa ba mai tambaya.

Tsibirin Yashi

Sun isa tsibirin ana kiran azahar a wani ƙauye da ke ƙetare. Fari ne fat, tsawonsa ya yi filin ƙwallo uku, bai fi mako biyu da fitowa daga ruwa ba. Ƙanen dattijon ya riga ya kafa bukka biyu da wurin banda, hayaƙi yana tashi. Aka yi alwala a kogi aka yi salla bisa yashi. Falke ya shiga cinikinsa, ya sami tarwaɗa da ragon ruwa masu kyau, ya cika kwando huɗu.

Dattijon kuwa ya zaga tsibirin da ƙafa shi kaɗai. Yana neman inda ya fi tudu, da gefen da ruwa ke da zurfin da jirgi zai iya kwana ko da an ƙara ja da baya, da inda iska ba za ta riƙa buga shi da gaɓa ba. Ya kafa sanda a bakin ruwa ya yi mata alama da wuƙa, ya ce wa ƙanen ya riƙa dubawa kowace safiya. A zamanin ubansa, in ruwa ya fara sauka to ya sauka ke nan sai baɗi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, kogin ya sami maigida na biyu. In tafkin can ya cika aka buɗe ƙofofi, ruwa kan hau a nan ko da sama ba gajimare, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Madatsar da aka daɗe ana maganar ginawa a Dasin Hausa, a Ƙaramar Hukumar Fufore, don ta tare irin wannan ruwa, shekaru sun shuɗe tana bisa takarda. Shi ya sa masuncin yau yake kwana da rediyo a kunne, shi ya sa kuma dattijon bai yarda ya raba jiragensa biyu ya rushe rumfar ba ko da rani. In ruwa ya zo da dare, gidan da ke iya tashi shi ne gida.

Ba su daɗe ba. Tun rana ba ta karkata sosai ba ya ce a tashi. Kwandunan falke aka raba su biyu biyu, hagu da dama.

Komawa ita ce ladan yinin. Ruwa yana tafiya yamma, iskar da ta ba su wahala da safe yanzu tana bayansu. Ɗan ya ciro wata gwangwala ya kafa a jikin azara ta biyu, ya ɗaure ta da igiya uku, ya ɗaga wani ƙyalle da aka ɗinka da buhunan taki guda shida, har rubutun kamfanin yana nan a jiki. Ƙyallen ya yi lakwas, ya kaɗa sau biyu, sa'an nan ya cika ya yi ciki. Ba a tada inji ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da masunci bai ƙona ba riba ce, amma ba don wannan kaɗai ba ne aka yi shiru a jirgin. Ba a jin kome sai ruwa yana gudu tsakanin cikin jiragen biyu, ƙarƙashin katakon da ake zaune, da kukan azara jefi jefi. Matar ɗan ta hura wuta a daron yashi ta ɗora ruwan zafi. Yaran suka kwanta rub da ciki suna leƙen ruwa ta tsakanin katako. Wasu belbelu suka bi su na ɗan lokaci, sa'an nan suka juya.

Da suka zo siririyar hanyar nan, dattijon ya sa aka sauke ƙyallen, aka wuce ta da gwangwala a hankali, sawun cikin jirginsu na safe yana nan a kan yashin ƙarƙashin ruwa. Falke ya leƙa ya gani, bai ce kome ba.

Shiga masauki ya fi fita wuya, domin jirgi ba shi da birki, ruwa kuma yana turawa. Sai da suka wuce wurinsu da gangan, ɗan ya tada inji, suka yi babban zagaye, suka dawo suna fuskantar ruwa, sa'an nan suka matso gaɓa a hankali kamar mai shiga ɗakin marar lafiya. Wani yaro a tudu ya cafe igiyar goshi ya naɗa a turke. Aka ɗaure sauran ukun. Aka mai da katakon hawa. Tsohuwa ta hau da jikokinta biyu, ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta dubi sabuwar igiyar da ke kan azara ta farko, ta dubi mijinta, ta wuce wajen murhu. Kafin a kira la'asar igiyar shanya ta koma jikin bishiyarta.

Falke ya tuɓe rigar ruwa ya miƙa, ya ƙirga kuɗin kifi, ya ƙara wani abu a kai ya ce na igiya ne. Dattijon ya ƙi karɓa sau biyu, na uku ya karɓa. Ya ce, "Alhaji, in ka dawo bayan wata, a tsibiri za ka same mu. Ka yi waya, yaro ya zo ya ɗauke ka."

Ya sami motar ƙarshe mai zuwa Mubi, kwandunansa a bisa rufi. Dare ya yi nisa sa'ad da suka shiga gari. Da motar ta hau gadar Yedzaram ya leƙa ta taga, ga yashi nan fari a hasken wata, da wani siririn ruwa a gefe ɗaya wanda ko akuya za ta tsallake.